TSIRON MAƘOGWARO MAI DAWOWA: Idan muryar yaro ta dishe ta ƙi washewa



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu gida, darasinmu na yau a kan wata cuta ce wadda ba ta da yawa a cikin jama'a, amma in ta shiga gida takan daɗe. Tana cin kuɗi, tana cin haƙuri, wani lokaci har rai take ci saboda jinkirin da aka yi. Ina roƙon wanda ya karanta ya karanta wa iyalinsa, domin uwa ce take fara jin canjin kukan ɗanta tun kafin uba ya lura.

*Yadda take farawa*

Yawanci yaro ne ɗan shekara biyu zuwa huɗu. Sai a ji muryarsa ta dishe. A ce mura ce, ko ya sha ruwan sanyi, ko kuka ya yi masa yawa. A ba shi zuma da citta, a jira. Sati biyu, wata guda, wata uku, murya ba ta dawo ba, sai ma ƙara shaƙewa take yi, har ya zama in ya yi magana kamar raɗa yake yi. In jariri ne, kukansa ba ya fita da ƙarfi. Babu zazzaɓi, yana cin abinci, yana wasansa, shi ya sa hankalin kowa yake kwance.

Daga baya sai numfashi ya fara ƙara. Da farko cikin barci kawai, ko in ya yi gudu. A nan ne ake cewa asma ce, a sayo masa abin shaƙa da maganin tari a kemis, a yi ta ba shi ba canji. To ga bambancin da kowane uba zai iya ganewa da kunnensa. Mai asma ƙararsa daga ƙirji take fitowa, galibi lokacin fitar da numfashi, kuma muryarsa garau take. Wannan kuwa ƙarar daga wuya take, lokacin jan numfashi ciki, ga kuma murya a dishe. Ka sa kunnenka a wuyan yaron yana barci, sannan ka sa a ƙirjinsa, za ka ji inda ƙarar ta fi.

Duk yaro ko babba da muryarsa ta dishe ta wuce sati uku zuwa huɗu, lallai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki ya gani da idonsa. Suna da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara, ana zura ta ta hanci ko ta baki, cikin 'yan mintuna an ga abin da yake wurin. Irin waɗannan likitoci suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma asibitin kunne na tarayya a Kaduna. 'Yan uwanmu na Nijar su nemi babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram.

Amma akwai halin da ba a jiran ranar asibiti. In ka ga ramin wuyan yaro da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa kwanciya sai a zaune, ko leɓensa ya canza launi ya yi duhu, ko ya fara gyangyaɗi irin na galabaita, to a ɗauke shi a zaune a jikin uwarsa a tafi a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada a tsaya ɗura masa komai.

*Mene ne a cikin wuyan?*

A bakin maƙogwaro Allah Ya halicci wasu leɓɓa guda biyu sirara. Su ne suke kaɗawa in iska ta bi ta tsakaninsu murya ta fito, kuma ta tsakaninsu ɗin dai numfashi yake wucewa zuwa huhu. Ƙofa ɗaya ce, aiki biyu. A kan waɗannan leɓɓan ne wani nama mai laushi yake tsirowa curi-curi, kamar yadda 'ya'yan ɓaure suke manne a jikin reshe. Likitoci suna kiransa papiloma. Dangin abin nan ne da yake fitowa a fata muke ce masa tusar jaki, sai dai shi a ciki ya fito. Da ya taɓa leɓɓan sai murya ta lalace, in ya ƙara girma sai ya fara tare hanyar iska. Ku tuna hanyar iskar ƙaramin yaro ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba, tsiro kaɗan ya isa ya toshe ta.

Abin da yake haddasa shi ƙwayar bairos ce da ake kira HPV. Tana da iri fiye da 200. Guda biyu daga ciki, mai lamba 6 da mai lamba 11, su ne suke kawo kusan duk wannan tsiro na maƙogwaro. Mai lamba 11 ta fi tsanani, kuma yaron da cutar ta bayyana gare shi kafin ya cika shekara uku yakan fi shan wahala da ita. Ba ciwon daji ba ne. Yakan rikiɗe ya zama daji amma da wuya ƙwarai, an fi ganin haka ga masu shan taba da waɗanda tsiron ya gangara musu har huhu.

Me ya sa ake cewa mai dawowa? Duk manomi ya san kiri-kiri. Ka nome ta tas, gona ta yi fes, bayan ruwa biyu ka dawo ka tarar ta tofo, domin saiwarta tana ƙarƙashin ƙasa inda fartanya ba ta kai ba. Haka wannan ƙwaya take. Tana ɓuya a cikin fatar maƙogwaro, har a wurin da ido yake ganin lafiya lau. Likita yana cire abin da ya tsiro, ƙwayar kuwa tana nan a kwance. Ku riƙe wannan da kyau, don rabin rigimar da ake yi tsakanin iyaye da likitoci a kan wannan cuta rashin sanin wannan ne.

*Maganar beli, da abin da Annabi ya hana*

A ƙasar Hausa, da an ji yaro yana da matsala a wuya, hannu ɗaya ake nunawa: beli ne, a kira wanzami. Wata kaka kuma ta ce hakin wuya ne, ta naɗe yatsa da tsumma ta danna. Ina girmama wanzamai, sana'ar gado ce, amma a wannan cuta askarsu ba ta da aiki. Beli yana sama, a bayan ganda, kowa yana ganinsa in an buɗe baki. Tsiron da muke magana yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, yatsa ma ba ya kaiwa. Ka yanke belin yaron da hanyar iskarsa ta riga ta ƙuntata, jini ya gangara, wurin ya kumbura, yaro yana kuka yana fisge-fisge, ka ga an haɗa masa wahala uku a kan ɗaya.

Wannan danne-dannen maƙoshi ba sabon abu ba ne. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Ummu Ƙaisin 'yar Mihsan ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗanta, ta riga ta danna masa maƙoshi saboda wani ciwo da Larabawa suke kira uzra. Annabi ya yi inkarin wannan aiki, ya nuna azabtar da yara ne, ya kuma shiryar da su zuwa ga ƙusɗul hindi. Kun ga kenan hani a kan taɓa maƙoshin yaro da yatsa daga bakin Ma'aiki ya fito, tun kafin a san asibiti.

Sai dai a nan akwai wurin da masu sayar da magani irinmu suke zamewa, kuma dole in faɗa. Wani da ya ji hadisin sai ya ce duk ciwon maƙogwaro ƙusɗu ne maganinsa. A'a. Malamai sun yi bayanin uzra, Ibnul Ƙayyim ya kawo shi a cikin Zadul Ma'ad: ciwo ne da yake tasowa a maƙoshi, wasu suka ce gyambo ne tsakanin kunne da maƙoshi. Wato abu ne mai kumburi da zafi da yake zuwa ya wuce. Nama mai tsiro a kan leɓɓan murya wani abu ne daban. Hadisi gaskiya ne a inda aka faɗe shi. In ka ɗauke shi ka ɗora a kan cutar da ba ita ake nufi ba, sannan magani ya ƙi ci, kai ka jawo mutane su yi shakkar maganar Annabi, alhali laifin fahimtarka ne. Kuma ɗiga ruwan ƙusɗu a hancin yaron da yake kokawa da numfashi haɗari ne, yana iya shaƙe shi.

Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da sanin wannan fanni ba, in an sami ɓarna shi zai ɗauki lamuni. Don haka ni a wurina mai maganin da aka kawo wa yaro mai dishewar murya ta wata da watanni, ya karɓi kuɗi ya ce a dawo bayan sati biyu, ya ci amana. Ban san wani ganye ko saiwa ko sassaƙe da yake narkar da wannan tsiro ba, kuma duk wanda ya ce muku yana da shi ku ce ya bari likita ya leƙa kafin a sha da bayan an sha.

*Aikin da ake yi a asibiti*

Asalin maganin shi ne tiyata, amma ba yanka wuya ake yi ba. Ana sa yaro barci, a bi ta baki da na'ura mai ƙara girman gani, a kwashe tsiron. Wasu asibitoci da ƙananan almakashi da hantsaki suke yi, wasu da wata 'yar na'ura mai aske naman tana zuƙewa, wasu da hasken leza. Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu an sallami yaro, numfashi ya buɗe, uwa ta sami barci.

Bayan wata uku ko shida sai murya ta sake dishewa. A nan ne uba yake cewa aikin bai yi ba, ko likita bai iya ba, ko so suke su mayar da mu saniyar tatsa. Wallahi ba haka ba ne. Hatta a Amurka, inda kayan aiki ya wadata, lissafin da suka yi ya nuna yaro mai wannan cuta ana yi masa aiki kimanin sau 4 a shekara, akwai ma waɗanda aka yi wa fiye da sau 100 a tsawon rayuwarsu. Wasu kuma sau biyu ko uku ne cutar ta kwanta. Yara da dama tana lafa musu in sun kusa balaga, ko da yake tana iya tasowa bayan shekaru.

Wani abin da ya kamata ku sani, likitan kirki da gangan yakan bar ɗan tsiro a wani gefe. Dalili shi ne can gaba inda leɓɓan biyu suka haɗu, in aka kankare ɓangarorin biyu a rana ɗaya, suna iya mannewa da juna wajen warkewa su yi tabo. Tsiro ana iya dawowa a cire shi, tabo kuwa yana lalata murya har abada, yana kuma ƙuntata hanyar iska. Don haka in likita ya ce ya bar saura sai zagaye na gaba, ku gode masa. Burinsa hanya ta buɗe, murya ta tsira, har Allah Ya kawo lokacin da jiki zai rinjayi ƙwayar.

Abin da likitoci suke gudu shi ne huda wuya a sa bututun numfashi. Yana ceton rai in hanya ta toshe gaba ɗaya, kuma in an kai wannan matsayi kada uba ya tsaya gardama, ya sa hannu. Amma hudar tana iya ba tsiron hanyar gangarawa ƙasa zuwa bututun iska da huhu, shi ya sa ake so a cire bututun da wuri in hali ya yi. A asibitocinmu yara da yawa sai sun kai ga toshewa ake kawo su, sai ya zama ba makawa sai an huda. Yaron da aka kawo tun yana dishewar murya kawai, galibi ba ya bukatar wannan. Wanda aka sa wa bututu kuwa, a kiyaye ruwa kada ya shiga lokacin wanka, a rufe bakin bututun da ƙyalle mai tsabta marar kauri saboda ƙura, musamman da hunturu, kuma uwa ta koyi wanke shi a hannun ma'aikatan jinya kafin a sallame su.

Ga masu jin cewa tiyata aikin Nasara ne, ku sani Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani ya yanke masa wata jijiya ya yi masa lalas. Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya zana kayan tiyata iri-iri a littafinsa Attasrif, har da na aikin maƙoshi. Ibnu Zuhrin, shi ma ɗan Andalus, ya gwada huda maƙogwaro a kan akuya don ya tabbatar ana rayuwa bayansa. Gadonmu ne, mu ne muka sake shi.

In tsiron yana saurin dawowa, misali ana bukatar aiki fiye da sau 4 a shekara, ko ya fara yaɗuwa ƙasa, likitoci sukan ƙara da wasu magunguna. Akwai sidofobir da ake yi wa tsiron allura da shi lokacin aiki. Akwai wanda ake sayarwa da sunan Avastin, asalinsa maganin daji ne, aikinsa hana tsiro samun sababbin hanyoyin jini, kamar ka datse wa shuka ruwa. Ana yin allurarsa a wurin, ko a ba da shi ta jijiya ga waɗanda abin ya yi wa tsanani. Dukkansu suna da illolin da sai likita yana bibiya, ba abin da za ka aika a sayo maka ba ne.

Sabon labari kuma, a watan Agusta na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Papzimeos, na farko da aka yi musamman don wannan cuta. Allura huɗu ce a ƙarƙashin fata cikin sati 12, tana koya wa garkuwar jiki ta gane naman da ƙwaya mai lamba 6 da 11 ta shiga ta yaƙe shi. A gwajin da aka yi, mutum 18 cikin 35 sun yi shekara guda cur ba su bukaci tiyata ba. Na manya ne kawai aka amince, kuma tsadarsa ta wuce misali. Na kawo shi ne don masu jinya su san ana ci gaba da nema, don kuma kada wani ɗan damfara ya zo muku da kwalba ya ce shi ne.

*To mu me za mu yi a gida?*

Akwai abin yi, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko hayaƙi. Ku raba yaron da hayaƙin itace na madafa, da maganin sauro na kunnawa, da taba, da turaren wuta. Na san wannan zai yi wa iyaye mata nauyi, amma ɗakin da yake kwana kada a turara shi. Hayaƙin magani da ake lulluɓe yaro da zane a ce ya shaƙa, ko don aljanu ko don sanyi, ga mai wannan cuta guba ne. Ruƙya ba ta bukatar hayaƙi. Ka ɗora hannunka a inda yake ciwo ka karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi da addu'o'in da suka tabbata, safe da yamma, da daren da za a shiga da shi tiyata.

Zuma tana sanyaya maƙoshi tana rage tari, a ba shi ƙaramin cokali a ruwan ɗumi, amma ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, shi ba a ba shi zuma sam. Habbatus sauda kaɗan a cikin abinci ba laifi ga babban yaro. Abin da na hana shi ne ɗura: a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa man habba ko man zaitun. Mai in ya kuskure hanya ya shiga huhu ciwo yake zama. Haka nan kada a shafa tafarnuwa ko kanwa ko wani abu mai ƙuna a maƙoshi da sunan ƙone tsiro. Kuma duk abin da kuke ba shi ku gaya wa likita kafin ranar aiki, don wasu kayan namu irin tafarnuwa da citta in sun yi yawa suna iya sa jini ya yi jinkirin tsayawa.

A kula da ƙwarnafi, domin ruwan tsamin ciki in yana tasowa yana ƙona maƙogwaro yana ƙara fusata wurin. A rage yaji da maiƙo da dare, a ci abinci da wuri kafin kwanciya. Ya sha ruwa sosai. A gaya wa malamin allo ko na Islamiyya kada ya tilasta masa ɗaga murya wajen karatu, kada kuma ya doke shi a kan ba a jin muryarsa. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko shan ruwa a moɗa ɗaya ko wasa, saboda haka kada a ware shi daga 'yan uwansa, kada a cire shi daga makaranta.

*Magana ta musamman ga maza*

Yanzu ga wurin da nake so a natsu. Yaro yakan sami ƙwayar ne daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa, domin irin wannan ƙwaya mai lamba 6 da 11 ita ce take kawo ƙananan tsiro a al'aura, kuma tsakanin manya ta hanyar kwanciya take yaɗuwa. Wani miji da ya ji wannan bayani sai ya juya ya kalli matarsa da wani ido. Ka ji tsoron Allah. HPV tana cikin ƙwayoyin da suka fi yawa a jikin 'yan Adam, mafi yawan masu ita ba su san suna da ita ba, ba ta nuna alama, kuma tana iya kwanciya shekaru. Tana iya zuwa daga mijin da kansa, ko daga auren da ɗayansu ya taɓa yi a baya, ko ta zagaya tsakanin kishiyoyi ta hanyar miji, duk a cikin halal. Babu gwajin da zai nuna wa ya fara kawo ta ko yaushe. Jifan mace mai kamun kai da zina ba tare da shaidu huɗu ba, Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 da zubar da shaidarsa. Ciwon yaro ba shaida ba ne. Uwar miji da dangin miji su ma su kama bakinsu, matar nan da take kwana a zaune tana sauraron numfashin ɗanta ba ta bukatar ƙarin wani nauyi.

Mai ciki da ta ga tsiro a gabanta ta gaya wa ma'aikatan awo, kada kunya ta hana ta. Kada kuma ta firgita. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak ya nuna cikin haihuwa 1000 na mata masu irin wannan tsiro, yara kusan 7 ne suka kamu. Haihuwa ta hanyar tiyata ma ba ta ba da cikakkiyar kariya, don haka likita ne zai duba ya yanke.

Riga-kafi kuwa akwai shi. Allurar HPV da gwamnatin Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023, an kawo ta ne don dajin bakin mahaifa, wanda masu lamba 16 da 18 suke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 nasa. Amma irin da aka kawo, Gardasil, tana kare iri huɗu ne, har da 6 da 11 ɗin nan namu. Yarinyar da aka yi wa yau, in ta zama uwa gobe, da izinin Allah ba ta da abin da za ta miƙa wa jaririnta. An ga haka a Ostareliya, inda suka fara allurar a 2007, bayan 'yan shekaru sababbin yara masu wannan tsiro suka ragu ƙwarai. Na ji jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, Malesiya ƙasar Musulmi tun 2010 take yi wa 'yan matanta a makarantu, kuma binciken da aka yi ta yi bai gano tana hana haihuwa ba. Ra'ayina uba ya kai 'yarsa. Sai dai a sani allurar ba ta cire tsiron da ya riga ya fito, ko da yake wasu likitoci sukan yi wa masu cutar don an lura tana iya tsawaita tazarar da ke tsakanin aiki da aiki.

Manya ma suna kamuwa, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma tasu takan fi ta yara sauƙi. Ina jan hankalin limamai da ladanai da masu wa'azi da malaman makaranta, mu da muka saba cewa murya ta gaji ne mu tauna kanumfari mu ci gaba. In ta wuce wata guda a dishe a je a leƙa, domin ga babba, musamman mai shan taba, dishewar da ta ƙi tafiya tana iya zama wannan tsiro, tana iya zama abin da ya fi shi.

Wanda aka tabbatar wa ɗansa yana da cutar, ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar kowane aiki, da ranar da murya ta fara canzawa bayansa, da magungunan da aka bayar. Da wannan likita yake gane ko tazarar tana ƙaruwa ko tana raguwa. Ya riƙe asibiti ɗaya da kati ɗaya in zai yiwu, ya je ranar da aka ba shi ko da yaro yana lafiya, ya kuma riƙa ajiye ɗan abin da ya samu don aiki na gaba tun kafin ya zo. 'Yan uwa da maƙwabta da kwamitin masallaci su sani irin wannan gida ya cancanci taimako ba sau ɗaya ba, kuma in mai gidan mabukaci ne zakka tana halatta a gare shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.